Gwarzo da Kabo: Ƙasa Kaɗan, Jama'a da Yawa

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu iyakar saninmu da Titin Gwarzo shi ne hanyar zuwa sabuwar BUK. To, titin bai tsaya a nan ba. In ka wuce Janguza da Rimin Gado sai ka shiga ƙasar Kabo, ka ratsa Garo, ka isa Gwarzo, wajen kilomita 70 daga birni. Gaba kaɗan kuma Dayi ce, ka faɗa Jihar Katsina ke nan.

Ƙananan hukumomin nan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ɗan majalisar wakilai guda ke wakiltarsu a Abuja, kuma a majalisar dattawa suna cikin Kano ta Arewa, duk da cewa a taswira yamma suke. Kowacce tana da mazaɓu goma. A Gwarzo akwai irin su Getso, Kutama, Lakwaya, Mainika da Sabon Birni. A Kabo akwai Garo, Gude, Durun, Gammo, Godiya da Masanawa.

Garuruwan ba na jiya ba ne. Lokacin jihadi a ƙasar Kano, tsakanin 1804 da 1807, zamanin Sarki Alwali, daga yammacin nan wutar ta fara kamawa, kuma Godiya da maƙwabciyarta Ƙaraye suna cikin wuraren da aka fara gwabzawa. Ko a kwanan nan tarihi bai ƙyale yankin ba. A 2019 gwamnatin Ganduje ta sa Gwarzo da Kabo ƙarƙashin sabuwar Masarautar Ƙaraye, a 2024 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, suka koma Masarautar Kano.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina lissafi ne. A ƙidayar 2006, Gwarzo tana da mutum 183,987 a fili mai murabba'in kilomita 393. Kabo tana da 153,828 a murabba'in kilomita 341. Haɗa su ka raba, za ka samu kusan mutum 460 a kowane murabba'in kilomita, a karkarar da yawancin jama'arta noma suka dogara da shi. Kuma fa wannan lissafin 2006 ne. Tun daga lokacin an yi ta haihuwa, ita kuwa gona ba ta haihuwa. Duk rabon gado sai ta ƙara tsukewa.

Damina a nan wata huɗu ce zuwa biyar. A cikinta ake noma dawa, gero, masara, gyaɗa da wake. Da an yi girbi, saurayin da ba shi da ruwan noman rani sai ya ɗauki jaka ya tafi cirani. Ka ga ke nan darajar madatsun ruwa irin su Guzuguzu a Kabo da Pada a Gwarzo: gonar da ke samun ruwa da rani tamkar gona biyu ce, ta ba da hatsi da damina, ta ba da tumatir da albasa da rani. Sai dai dam ba ya kula da kansa. Yashi na cike shi, magudanai na toshewa, injin ban ruwa na lalacewa, tumatir kuma na ruɓewa in babu mota ko wurin ajiya.

Yankin bai rasa manya ba. Sanata Barau Jibrin, wanda ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa a 2023, ɗan Kabo ne, kuma a 2022 aka amince da kafa kwalejin fasaha ta tarayya a Kabo. Amma ai ba sanata ne zai auna magudana ko ya gyara famfo ba. Wannan aikinmu ne, mu masu difloma.

Don haka, duk wanda ke neman batun furojet ko wurin SIWES, ina ba shi shawara ya duba yamma. Kuɗin mota ne kawai tsakaninsa da aikin da jama'a ke jira.