Mutumin da aka yi wa rowa

Ranar 29 ga Mayun 2001, Richard Stallman ya tsaya gaban jama'a a Jami'ar New York, gashi har kafaɗa, ya ba su labarin wata na'urar buga takarda. Na saurari faifan wannan lacca ne a Rano, a rumfar wani mai gyaran waya, yana ta fama da wata wayar da kamfani ya kulle.

Wajen 1980, Stallman na aiki a ɗakin binciken kwamfuta na MIT a Amurka. Kamfanin Xerox ya ba su kyautar sabuwar na'ura mai sauri, amma takarda kan maƙale mata, kuma tana wani bene dabam. Mutum zai aika aiki, ya hau ya tarar tun ɗazu ta cije. Tsohuwar na'urarsu ma takan yi haka, sai dai ita sun gyara manhajarta da hannunsu, tana sanar da mutane in ta maƙale. Sabuwar kuwa an ɓoye musu asalin rubutun manhajar.

Sai ya ji akwai wani a Jami'ar Carnegie Mellon da yake da rubutun. Ya je har ofishinsa ya roƙa. Mutumin ya ce ya yi wa kamfani alkawarin ba zai bayar ba. Stallman ya juya ya fita, ko uffan bai ce ba.

Da ya zo nan a laccar, sai ya riƙa nuna mutane da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa su ma an ci amanarsu, don alkawarin na hana kowa ne. Nan jikina ya yi sanyi. Mu a Kibiya, macen da ta iya daddawa ba ta rantse wa kowa cewa za ta hana maƙwabciyarta sani. Rowar ilimi abin kunya ce a wurinmu, ga shi a can an mai da ita sharaɗin ɗaukar aiki.

A Satumban 1983 ya shelanta shirin GNU, a Janairun 1984 ya ajiye aikinsa don ya rubuta manhajar da kowa zai iya amfani da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya ba wani. Maganarsa ta 'yanci ce, ko da za a sayar da manhajar da kuɗi. Wayar salula ma ya ƙi riƙewa.

Mai gyaran ya ajiye sukundireba, ya ce in mayar masa da wurin nuna yatsan nan ya sake ji.