Rauta da Suwic: Darasi daga Ilmin Tsirrai

Masana ilmin tsirrai sun daɗe da sanin wata ƙa'ida wadda Carl Sprengel ya fara bayyanawa a 1828, sa'an nan Justus von Liebig ya yaɗa ta. Ƙa'idar ita ce, girman shuka bai dogara ga yawan takin da aka zuba mata ba, sai ga sinadarin da ya fi ƙaranci a cikin ƙasa. To, haka al'amarin yake ga haɗin kwamfutoci a gida.

Rauta ita ce ƙofar gida, domin ita ke sada na'urorin cikin gida da intanet. Suwic kuwa aikinsa shi ne ƙara yawan ramukan da ake cusa waya. Tsohon suwic irin na Fast Ethernet, wanda aka ƙayyade a 1995, ba ya wuce megabit 100 a daƙiƙa. Na gigabit, wanda ya zo a kan wayar tagulla a 1999, yana ɗaukar 1,000. Saboda haka, magidancin da ya sayi rauta mai tsada ya haɗa ta da tsohon suwic ya yi asarar kuɗinsa, don duk kwamfutar da ke bayan suwic ɗin ba za ta wuce 100 ba.

Ita ma waya abin lura ce: samfurin Cat5e na ɗaukar gigabit har tsawon mita 100. Bugu da ƙari, idan saurin da kamfanin intanet ke bayarwa kaɗan ne, babu sabuwar na'urar da za ta ƙara shi.

Don haka, kafin a nufi kasuwa, sai a binciko inda rauni yake, a fara sauya shi.