Maƙeran Nok: Masu Narka Tama Tun Kafin Zuwan Rubutu

Idan aka ambaci Nok, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne gumakan yumɓun nan masu manyan idanu. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono su kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. Daga baya wani Bature, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya gane cewa aikin al'umma guda ce. Amma a ganina, kashin ƙarfen da suka bari ya fi gumakan ba da labari.

A Taruga, kusa da Abuja, Fagg ya tono matoyar ƙarfe har 13, waɗanda suka girmi haihuwar Annabi Isa (AS) da ɗaruruwan shekaru. Aikin ba wasa ba ne. Sai an nemo tama an farfasa, an ƙona itace ya zama gawayi, an gina matoya da laka, an sa mata bututun yumɓu. Sannan a yi ta hura iska har zafin ya haura digiri 1,000. Ko a nan ƙarfen ba ya zuba kamar ruwa. Dunƙule yake fitowa haɗe da datti, sai maƙeri ya yi ta duka yana mayarwa wuta kafin ya zama makami ko kayan aiki. Abin mamaki, mutanen Nok daga dutse suka tsallaka zuwa ƙarfe, ba su bi ta tagulla ba kamar mutanen Masar.

Binciken Jami'ar Frankfurt ta Jamus, wanda aka fara a 2005, ya nuna ba manyan birane mutanen Nok suka gina ba. Ƙananan gidaje ne a warwatse kan tuddai da gindin duwatsu, suna noma gero da wake, suna niƙa a dutsen niƙa, har da alamar zuma an gano a tukwanensu.

Matsalar da irin wannan bincike ke fuskanta ita ce masu tonon sata. Wanda ya fasa kufai don neman gunkin sayarwa yakan watsar da gawayi da tsingaro, alhali da su ake auna shekarun wurin. Duk manomin da garmarsa ta tono irin waɗannan kaya, ya bar su a inda suke, ya sanar da mai gari ko hukumar gidajen tarihi.