Ɓoyayyar rigar faifan hasken rana

A watan Nuwamba na shekarar 2018 aka buɗe tashar wutar hasken rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7, ta farko irinta a Nijar. Haka kuma ƙananan faifai sun bazu a gidaje da garake, daga Ƙonni zuwa Illela. Amma kaɗan ne suka san abin da ke bisa fuskarsu.

Ƙwayar da ke maida haske wuta, da silikon ake yin ta. In aka bar ta tsirara, sai ta mayar da wajen kashi 30 cikin 100 na hasken kamar madubi. Don haka ake shafa mata wata riga wadda silin gashi ya ninka kaurinta kamar sau 1000. Ita ke jawo haske ciki, ita ke ba faifai launin shuɗi. Bisa wannan akwai shimfiɗar roba mai hana ruwa shiga, sannan gilashi, wanda sau da yawa ke da tasa siririyar riga.

Abokan gābar gilashin su ne ƙurar hunturu da ta siminti. In raɓa ta sauka, ƙura takan daskare, wuta ta ragu, famfon mai albasa a Galmi ya raunana. Wanda kuwa ya kankare da yashi ko busasshen tsumma, ya goge rigar ke nan, ba ta komowa.

Saboda haka a wanke da sassafe, da ruwa mai tsabta da tsumma mai taushi. Tsaron kaya ya fi ban cigiya.