Ja da Murɗa: Yadda Ake Gwada Ingancin Ƙarfe

A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, mai sayen rodi yakan duba kauri, ya ɗaga ya ji nauyi, sannan a shiga ciniki. Kanawa ba baƙin ƙarfe ba ne, domin tun ƙarni na 7 ake narkar da tama a Dala. To amma ido ba ya iya faɗin nauyin da rodi zai ɗauka bayan an binne shi cikin kankare. Wannan aikin na'ura ne.

A gwajin ja, akan yanko guntun rodi, na'ura ta damƙe shi sama da ƙasa, ta riƙa ja sannu a hankali. Abu biyu ake aunawa: ƙarfin jan da ya hau kan kowane murabba'in milimita, da tsawon da rodin ya ƙara bisa na asali. Da farko idan aka ninka ja, miƙewar ma takan ninku, idan aka saki kuma ya koma yadda yake. Robert Hooke na Ingila ne ya bayyana wannan ƙa'ida a 1678. Sai dai tana da iyaka. Rodi mai kaurin milimita 12, ɗan aji 460, yakan jure abin da ya ɗara tan 5 kaɗan. Daga nan ba ya komawa. Sai ya yi ta miƙewa, ya sirance a wuri guda, sannan ya tsinke.

Wannan miƙewa ta ƙarshe ita ce rahama. Ginin da aka yi da irin wannan rodi yakan lanƙwashe, ya tsattsage, mutane su sami damar fita. Rodi mai gautsi kuwa ba ya sallama.

Sandar injin niƙa ba ja take sha ba, murɗa ce. A gwajinta akan riƙe gefe ɗaya, a juya ɗayan, ana auna ƙarfin juyin da digirin da ta murɗu. Bayan sandar ne ke shan wahala, tsakiyarta kusan hutawa take yi. Shi ya sa bututu ya fi sanda mai nauyi ɗaya da shi jure murɗa, kuma haka aka halicci ƙashin cinya da rami a ciki.

Malami na iya nuna wannan a aji da alli. Idan aka murɗa shi, yakan karye a karkace, wajen digiri 45, kamar yadda ƙashin ƙauri ke yi idan ƙafa ta maƙale jiki ya juya. Ƙarfe mai laushi kuwa a miƙe yake yankewa, tamkar an sa masa zarto.