Dalilin kusanto da jinyar masu shaye-shaye ƙasar Kurfai

Filinge, babban garin ƙasar Kurfai a jihar Tilaberi, na da tazarar kimanin kilomita 180 daga Yamai, inda sashen masu taɓin hankali na Asibitin Ƙasa, wanda ake kira Pavillon E, ke karɓar waɗanda shaye-shaye ya galabaitar. Ƙwayar da ta fi yaɗuwa tsakanin matasan Nijar ita ce tiramol, maganin kashe zafi dangin ofiyom, wanda manoma da ƴan kabu-kabu ke haɗiya don jure gajiya, har jiki ya saba, ta yadda barinsa farat ɗaya ke haddasa gumi, makyarkyata da rashin barci.

Hukumar OCRTIS na farautar masu fataucin ƙwayoyi, amma kame ba ya warkar da wanda ya kamu. Shirin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, yana koyar da ma'aikatan jinya gane kamuwa da lallashin majinyaci da bibiyarsa, saboda haka horar da ma'aikatan asibitin gundumar Filinge da na likitocin karkara, tare da haɗin kan iyaye da malamai, shi ne matakin da ya kamata a soma da shi.