Kuɗin koyon sana'a a hannun mai shi: abin da Faransa ta gwada

A Faransa, duk mai aiki a kamfani mai zaman kansa, tun daga mai shara har injiniya, yana da asusu da sunansa wanda ake zuba wa Yuro 500 kowace shekara, muddin yana aiki aƙalla rabin lokacin da doka ta tsara. Kuɗin na taruwa har su kai Yuro 5,000. Wanda karatunsa bai yi nisa ba, ko mai larurar nakasa, Yuro 800 ake zuba masa har ya kai 8,000. Ba a cirewa a sayi abinci ko a biya haya. Horo kaɗai suke saya. Suna kiran asusun CPF a taƙaice, wato asusun horo na mutum shi kaɗansa. Tela mai shagonsa da direban tasi da manomi da mai gyaran famfo duk suna ciki tun watan Janairun 2018, kuma wannan ne ya sa tsarin ya cancanci a dube shi da kyau.

Tun 1971 wata doka da aka fi sani da sunan Jacques Delors ta wajabta wa kamfanonin Faransa ware wani kaso na albashin da suke biya domin horar da ma'aikata. Dokar ta yi amfani, sai dai maigida ne ke zaɓen wanda za a tura kwas. Kowa ya san wanda maigida ke zaɓa: manaja, akawu, wanda dama ya yi karatu. Lebura kuwa sai ya shekara ashirin a masana'anta ba a taɓa tura shi ko'ina ba, ranar da aka kawo sabon inji a sallame shi da sana'ar da ba mai nema. A 2004 aka ba kowane ma'aikaci haƙƙin awa 20 na horo a shekara, amma har yanzu sai da yardar maigida. Sai a farkon 2015 aka buɗe asusun CPF, wanda ke bin mutum duk inda ya koma, ko ya sauya kamfani, ko aka sallame shi, ko ya buɗe nasa. Dokar Satumbar 2018, a zamanin Shugaba Emmanuel Macron da ministar ƙwadago Muriel Pénicaud, ta mayar da awoyin zuwa kuɗi, kowace awa a kan Yuro 15. A watan Nuwambar 2019 aka fito da manhajar waya: mutum ya duba abin da ya tara, ya zaɓi kwas, ya biya daga asusunsa, ba tare da neman izinin kowa ba idan a lokacin kansa zai yi karatun.

Kuɗin ba daga sama suke faɗowa ba. Kamfani mai ma'aikata 11 ko fiye yana biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi, ƙaramin kamfani kuma kashi 0.55. Mai sana'ar kansa shi ma yana biyan ɗan kasonsa na horo a cikin kuɗaɗen da ake karɓa daga gare shi, kuma biyan nan ne ke buɗe masa asusu. Ban da haka kowane rukuni yana da nasa asusun tallafi: masu sana'ar hannu suna da FAFCEA, 'yan kasuwa AGEFICE, manoma VIVEA. Wata tsohuwar hukumar ajiyar kuɗi ta gwamnati, Caisse des Dépôts, ita ke riƙe da asusun kowa tana biyan makarantu kai tsaye.

Jama'a sun karɓi abin hannu bibbiyu. A 2021 kaɗai an yi rajistar horo kusan miliyan 2, ninki biyu na shekarar da ta gabata, kuma leburori da ƙananan ma'aikata da masu neman aiki suna da yawa a cikinsu. Abin da aka fi nema a lokacin shi ne lasisin tuƙi, sai harsunan waje da darussan kafa kasuwanci. Wasu sun raina wannan, suna cewa koyon mota ba shi ne sauya sana'a ba. Ni ban yarda da su ba. Wanda ke zaune a ƙauyen da ba motar haya, aikin da ke akwai kuma yana da nisan kilomita talatin, lasisin tuƙi shi ne ƙofarsa ta samun aiki, kuma shi ya fi kowa sanin haka.

Amma inda aka baje zuma ƙuda ba ya jiran gayyata. Cikin ɗan lokaci wayoyin Faransawa suka cika da kira da saƙonni: wai kuɗin asusunka za su ƙone idan ba ka yi amfani da su yau ba. Ƙarya ce, kuɗin ba sa ƙonewa. Masu kiran na karɓar lambobin sirrin mutum, su yi masa rajistar kwas na bogi, kuɗin su wuce aljihunsu. Wasu makarantun na gaske ne amma horon nasu holoƙo ne, wasu har kyautar waya suke yi wa mutum alkawari don ya sa hannu. Ingila ta taɓa faɗawa wannan ramin: ta buɗe irin wannan asusu a 2000, ta rufe shi a ƙarshen 2001 saboda zamba. Faransa ba ta rufe nata ba, ɗaure shi ta yi. Daga Janairun 2022 duk makarantar da ke son taɓa kuɗin sai ta mallaki shaidar inganci mai suna Qualiopi. A watan Oktoban shekarar aka tsananta tantance mai asusu kafin ya biya, a Disamba kuma majalisa ta haramta kiran mutane a waya don tallata kwas na CPF, da tara mai nauyi. Da kuɗin da ake kashewa suka zarce abin da ke shigowa, sai a watan Mayun 2024 aka sa mai asusu ya riƙa biyan Yuro 100 daga aljihunsa a kowane kwas, ban da mai neman aiki da wanda kamfaninsa ya ƙara masa kuɗi. Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi ƙorafi, kuma suna da hujja, domin Yuro 100 ba komai ba ce ga manaja, amma ga mai ƙaramin albashi tana iya hana shi farawa.

Akwai giɓin da har yau ya fi damuna, kuma mai sana'ar kansa ne ke faɗawa cikinsa. Ma'aikacin kamfani da ke son barin sana'arsa ya koyi wata gaba ɗaya yana da wata hanya dabam: zai iya neman hutun sauya sana'a, idan an amince a ci gaba da biyansa albashi ko mafi yawansa har ya gama. Mai shago ba shi da wannan. Ko an biya masa kuɗin makaranta kaf, ranar da ya tafi aji shagonsa a rufe yake, ba ciniki, haya kuma ba ta tsayawa. Shi ya sa ya fi karkata ga gajerun kwasa-kwasai na kwana biyu ko uku, waɗanda ke ƙara masa ɗan ilimi amma ba sa fitar da shi daga sana'ar da ke mutuwa. Singafo ta lura da wannan a lokacin korona, ta riƙa biyan masu aikin kansu alawus a kan kowace awa da suka zauna a aji. Tallafin da bai lissafa cinikin ranar ba, rabin tallafi ne.

A shekarar da Faransa ta yi dokar Delors, wato 1971, Najeriya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, mai hedikwata a Jos. Ginin iri ɗaya ne: kamfani ya biya kashi 1 cikin ɗari na albashi, idan ya horar da ma'aikatansa a mayar masa da wani kaso. Faransa ta shafe shekaru tana gyara wannan gini har kuɗin suka koma sunan mutum, alhali a can masu albashi ne mafi rinjaye. A Najeriya kuwa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu aiki kansu suke yi wa aiki. Bakaniken da ya ƙware a tsofaffin injuna yanzu ana kawo masa mota mai kwamfuta, mai gyaran janareta yana kallon kwastomominsa suna komawa sola, kuma ba su da maigidan da zai tura su kwas. ITF ta fara shirin ɗaga darajar masu sana'ar hannu a 2024, wannan mataki ne mai kyau. Abin da ya rage ga majalisar Najeriya da ƙungiyoyin masu sana'a shi ne su nemi a mayar da horon nan haƙƙi da doka ta rubuta da sunan kowane mai sana'a, a tantance makarantu kafin a saki ko kwabo, a kuma biya mutum cinikin ranar da ya rufe shagonsa ya tafi koyo.